Karen maƙwabci ya yayyaga nawa, zuciyata ta ƙi yin sanyi

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 24 daga Argungu, gidanmu yana bakin gari ta wajen fadama. Ina da kare, Duna, tun yana kwikwiyo na ɗauko shi shekara uku da suka wuce, shi ke gadin tumakin mahaifiyata da ɗan akurkin kajina. Kwana uku ke nan, da la'asar na bar ƙofar gida a buɗe, sai karen wani maƙwabcinmu mafarauci ya faɗo ya danne shi. Kafin a raba su ya tsaga masa kunne, ya huda masa wuya da cinya. Ƙanena ɗan shekara tara ma haƙori ya ɗan karce shi a hannu garin rabo, amma ba wani abu ba ne, har ya bushe. Yanzu Duna ya shige ƙarƙashin rumbu, ba ya cin abinci, ko ni na matso sai gurnani. Na shafa masa baƙin mai kamar yadda aka ce mini. Ban taɓa yi masa allura ba. Mai karen ko sannu bai ce ba, da na yi magana cewa ya yi faɗan karnuka ba yau aka fara ba. Abokaina wasu dariya suke wai ina neman yi wa kare kuka, wasu kuma sun ce in sa wa nasa shinkafar ɓera a nama kowa ya huta. Gaskiya na fara tunanin haka. Ba na samun barci. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, Allah ya ba Duna lafiya, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Zan zo kan ɓacin ranka, domin ba ƙarami ba ne kuma ban ɗauke shi abin wasa ba. Amma akwai layi guda a wasiƙarka da ka wuce shi da sauri, ni kuwa a kansa na tsaya: hannun yaron nan.

Ka kai shi asibiti yau, kada ka bari sai gobe. Bushewar ciwon ba ta nufin komai. Cutar haukan kare a cikin miyau take, kuma karcewar haƙori da ko jini ba ta fitar sosai ba ta ishe ta shiga jiki. In ta shiga ba ta nuna kanta nan da nan. Takan bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Duk tsawon wannan lokaci yaro na wasansa, kowa ya manta da zancen. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa har mutum ya kasa haɗiye kurɓi ɗaya, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari daga kare suke ɗauka, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Abin da ke sa ni nacewa shi ne allurar da ake yi bayan cizo tana tare cutar in an fara ta kafin alamu. Kwana uku bai yi latti ba.

Kafin ku fita, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, ko da ya bushe, sannan a shafa aidin. A asibiti ka faɗa musu dalla-dalla: haƙorin kare ne, ranar kaza, ba a san wanne daga cikin karnukan biyu ba, naku bai taɓa samun rigakafi ba, na maƙwabci kuma ba ku da labari. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yi ranar farko, a koma rana ta 3 da ta 7, wani tsarin kuma da ƙari daga baya, sai ku riƙe ranakun da aka rubuta muku kada ku tsallake ko ɗaya. Ka tambaye su batun allurar titanus ma. In ba a samu allurar a babban asibitin garinku ba, ku wuce Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na tarayya, kada ku dawo gida da niyyar sai wani jiƙon. Kai ma ka duba hannuwanka. In akwai tsaga ko yanka a fatarka lokacin da ka kama karnukan ko ka shafa man nan, ka nuna wa likita.

Yanzu ga maganar shinkafar ɓera. Kada ka yi. Na san irin tafasar da zuciya ke yi in an cuce ka kuma aka ƙi cewa sannu, wani lokacin rashin sannun ya fi cizon ciwo. Amma ka saurare ni da kyau: a yau babu wanda ya fi ka bukatar karen mafaraucin nan ya zauna da ransa. Kare mai ɗauke da cutar hauka ba ya fara zubar da ita a miyau sai ya kusa nuna alamu, kuma daga nan kwanakinsa ƙidayayyu ne. Shi ya sa likitoci suka ajiye ƙa'idar kwana goma. In karen da ya yi cizo ya cika kwana goma daga ranar cizon yana ci yana sha yana harkarsa lafiya lau, to ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Wannan karen shi ne shedarka, shi zai gaya maka ko Duna ya tsira, ko ƙanenka ya tsira. In ka ba shi guba ya mutu gobe yana dalalar da miyau yana shure-shure, wa zai iya bambance guba ce ko hauka? Ka kashe mai shaida da hannunka, ka bar gidanku cikin zullumi na watanni.

Ga kuma ita kanta gubar ba ta da ido. Naman da ka jefa, kajin wani na iya tsattsaga, kyanwar wani na iya ɗauka, yaro mai rarrafe na iya kaiwa baki. Ta fuskar addini ma ba ka da mafaka. Karen farauta na cikin waɗanda shari'a ta yarda a ajiye, kuma a cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, Ibn Abi Zaid ya ce wanda ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Yau kai ne mai gaskiya a unguwa. Ranar da aka tsinci gawar karen nan kai za a kira gaban mai unguwa, kuma maganar cizon Duna ta bi ruwa.

Don haka ka koma wajen maƙwabcinka, amma ba kai kaɗai ba, kuma ba da zancen biyan kuɗi ba tukuna. Ka nemi mahaifinka ko wani kawunka, ko limamin masallacinku, wanda mutumin zai ji nauyinsa. Abu biyu kawai za a roƙe shi: ya ɗaure karensa a gida sauran kwanakin, kada ya fita da shi daji, kada kuma ya sayar wa masu yawon sayen karnuka don ya rabu da rigima, kamar yadda wasu kan yi. Sannan a tambaye shi ko an taɓa yi wa karen allura, in akwai kati a gani. A fara masa da maganar yaron. Mutumin da ya ɗaga kafaɗa a kan faɗan karnuka ba lallai ya ɗaga ta a kan hannun ɗan shekara tara ba, balle shi ma yana da 'ya'ya a gidan da karen ke kwana. In ya ƙi, sai a kai wa mai unguwa, a kuma sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, wannan aikinsu ne.

A waɗannan kwanaki ido zai kasance a kan karnukan biyu, tunda shi ma Duna bai da rigakafi kuma ba a san haƙorin wa ya sami yaron ba. Mutane sun fi sanin kare mai hauka da yawo yana cizon duk abin da ya tarar, itace, dutse, sarƙarsa, muryarsa ta canja. Akwai wani nau'in da ya fi yaudara: kare ya yi laushi, haɓarsa ta saki, miyau na zuba, ƙafafun baya suna ja, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. A nan ne mai tausayi kan zura hannu don ya ciro ƙashin da babu shi. In ɗayansu ya nuna haka, ko ya mutu, ko ya ɓace, ku gaya wa asibiti da likitan dabbobi a ranar. In mutuwa ya yi kada a taɓa gawar da hannu tsirara, kada a yi saurin jefar da ita, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan aiki.

To, Duna. Baƙin man nan ka wanke shi. Na san an saba shafa shi don korar ƙuda, amma yana ƙona nama, yana rufe bakin rauni da datti a ciki, karen kuma yana lasa ya haɗiye. Haka toka, kalanzir da garin batir. Abin da ya kamata ka gane game da cizon kare shi ne ramin da kake gani a fata ƙaramin sashe ne na ɓarnar. Kare kan kafa fiƙa ya girgiza kai, sai fata ta rabu da naman da ke ƙarƙashinta, a sami aljihu a ciki inda jini da ƙazanta ke taruwa. Waje ya rufe, ciki ya ruɓe. Kwana uku zuwa biyar ne daidai lokacin da kumburi da mugunya ke bayyana, kuma ƙin cin abincin nan na iya zama zazzaɓi ne. Hudar wuya ta fi damuna, kunnen kuwa zai warke ko da zai bar tabo.

Likitan dabbobi ya gan shi, wannan ba makawa. Akwai ma'aikatan dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai asibitin dabbobi a Birnin Kebbi, in abin ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sau da yawa ya fi sauƙi ka ɗauko ma'aikacin a babur ya zo gida. In ka ga numfashinsa na sarƙewa, ko iska na fita ta raunin, ko dasashinsa ya yi fari fat, ko ya kasa tsayawa, to ba maganar jira ba ce ko ta awa guda.

Kafin likita ya iso, ga abin da za ka iya. Kada ka janyo shi daga ƙarƙashin rumbu da ƙarfi. Ka zauna kusa, ka juya masa gefe, ka kira sunansa ƙasa-ƙasa yadda ka saba, har ya fito da kansa ko ya bari ka kai hannu. Ka sami tsumma mai tsawo, kamar yankin tsohon zane, ka yi masa takunkumi: zagaye bakin sau biyu, ƙulli a ƙarƙashin haɓa, sannan ka kai bakin tsumman bayan kunnuwa ka ɗaure. Kare mai jin ciwo yakan ciji ubangidansa ba don ya daina saninsa ba. In yana haki da yawa ko yana amai kada a ɗaure bakin. Ka sa safar hannu ta roba, ko ka zura hannunka a leda mai kauri. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ka bari ya huce. Ka rage gashin da ke kewaye da raunin da almakashi, ka zuƙi ruwan gishirin da sirinji marar allura ka riƙa fesawa cikin ramin har abin da ke fitowa ya yi fari. Sau biyu a rana. Kada ka nemi a ɗinke ramin a rufe, irin wannan rauni an fi so ya riƙa tsiyayewa, likita ne zai ga wanda ya cancanci ɗinki. Ka duba kullum ko ƙuda ya yi ƙwai, don tsutsa kan cinye rauni cikin kwana biyu.

Abu guda da zan ja maka kunne a kai: kada ka je kemis ka sayo masa maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda wa kare ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma in ya zarce yana cin hanta. Mutane da dama sun rasa karnukansu ta wannan hanya suna ganin taimako suke yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, likitan ne zai auna gwargwadon nauyin karen. Batun rigakafin hauka ma shi zai yanke, ko a yi masa yanzu, da tsawon lokacin da za a killace shi. In karen maƙwabci ya cika kwanakinsa lafiya, magana ta yi sauƙi. In kuwa aka tabbatar yana da cutar, ka shirya jin hukunci mai nauyi a kan Duna, killacewar watanni ko abin da ya fi haka. Gara in gaya maka tun yanzu.

Ɓuyan da yake yi da gurnanin, wani ɓangare ciwo ne, wani ɓangare tsoro. An danne shi a cikin gidan da yake gadi, wurin da ya ɗauka nan ne iyakar tsaronsa. Ka mai da shi wuri mai inuwa da za a iya rufewa, nesa da tumaki da yara, ka shimfiɗa masa buhu. Ruwa mai tsabta a kusa da bakinsa. Abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, tuwo a jiƙe da romo ko kifi da aka cire wa ƙaya, ba albasa ba yaji. Kada kowa ya daka masa tsawa ko ya ɗaga masa sanda don ya yi gurnani, gurnanin nan gargaɗi ne, in ka hana shi gargaɗi sai ya koma cizo ba sanarwa. Wasu karnukan sukan warware cikin mako biyu, wasu kan daɗe suna zabura in sun ji haushin wani kare daga nesa. Kada ka gwada haɗa shi da wani kare wai don ya dawo da zuciya.

Sai kai. Abokanka da ke dariya ba su ne suka ɗauko shi yana kwikwiyo ba, ba su ne yake tara da kaɗa wutsiya in sun dawo daga fadama ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Ina yaro kakana yana da wata karya ja da ke bin shanunsa, ranar da ta mutu ya ɗauki fartanya da kansa ya haƙa mata rami a gefen gona, ya dawo ya zauna a bakin zaure bai taɓa tuwon dare ba. Dattijo ne mai furfura, mai carbi a hannu, kuma ba wanda ya ga ya rage da komai. In wani ya kawo maka zancen addini don ya kunyata ka, ka tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Karenka kuwa mai gadin dabbobi ne, yana cikin waɗanda aka yi izinin ajiyewa. Wankin raunin da za ka yi safe da yamma yana cikin wannan lada.

Ka ambaci ƙofar da ka bari a buɗe, kuma ina jin ita ce ke hana ka barci fiye da maƙwabcin. Sau nawa aka bar ƙofar nan a buɗe cikin shekara uku ba abin da ya faru? Wanda ya saki karen da aka horar a kan kama dabba ya bar shi yana yawo cikin unguwa, nauyin ya fi karkata kansa. Naka sakacin na gaskiya ɗaya ne, rashin allurar, kuma ba don in ƙara maka nauyi na faɗa ba, don shi ne wanda ke da gyara. Ana fara yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma a nan gida ake sarrafa ta a Vom. Duk ranar 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da cutar ta duniya, lokacin da hukumomin dabbobi kan fito da gangamin rigakafi, sai ka riƙa sa kunne, ka kuma ja maƙwabcin ya kai nasa.

Batun kuɗin magani ka ajiye shi sai kwanakin sun cika. Ka adana takardun asibiti da na likitan dabbobi, a zauna gaban mai unguwa a duba. Ko ya biya rabi, ko ya biya duka, ko ya ba da haƙuri kawai, abin da zan so ka fito da shi daga zaman shi ne alkawari a gaban shaidu cewa karen zai riƙa zama a ɗaure in ba a daji yake ba. Da zarar an yi masa wannan gargaɗi a bainar jama'a, duk ɓarnar da karen ya sake yi ba ya da ta cewa.

Ka zaunar da ƙanenka ma. Yaron da ya ga karensu a ƙasa yana kuka ya kai hannu, ƙauna ce ta sa shi, kada a yi masa faɗa. A nuna masa dai cewa ba a raba faɗan karnuka da hannu: a watsa musu bokitin ruwa, a buga kwano ko langa, a sa faifan katako a tsakani, yaro kuma aikinsa ya ruga ya kira babba. Ka bar shi ya riƙa kawo ruwan Duna ya ajiye daga bakin ƙofa, kai ka shigar. Ka ba shi gawayi ya riƙa jan layi ɗaya a jikin rumbu kowace safiya bayan ka leƙo karen maƙwabci ka gan shi a tsaye yana cin abinci. Yau zai ja uku a tare, saura bakwai.